Sauke injin tsohon babur: inda aikin yake, da inda kuɗi ke zurarewa

A gidaje da yawa a cikin birnin Zazzau da Tudun Wada da Sabon Gari akwai babur jingine a zaure ko bayan ɗaki, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe tanki. Na baba ne ko na kawu. Wasu an saye su lokacin da ma'aikatan reluwe da na jami'a suka karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, a 1975, wasu a shekarun da suka biyo baya, kafin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya naira har sabon babur ya fi ƙarfin albashi. Honda Benly, Roadmaster, CG 125, Suzuki 100, Yamaha 100, Vespa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai mota ma in ya wuce ta zauren sai ya ƙara kallon babur ɗin.

Yawancinsu za su tashi. Ƙarfen da aka yi su da shi mai kyau ne, injinan kuma ba su da sarƙaƙiya. Abin da ke kashe aikin shi ne ana sayen kaya kafin a yi awo, kuma ana maganar ƙara wa inji ƙarfi tun bai dawo hayyacinsa ba.

Kada wanda ya hau babur ɗin da ya shekara goma a ajiye ya buga masa kik. Ringi, wato zoben da ke zagaye da fistin, kan manne da bangon silinda saboda tsatsa, bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya shi ya karce bangon. A kwance fulogi, a zuba ɗan baƙin mai ta ramin, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin a hankali da hannu. A leƙa tanki da tocila, don tsatsar ciki kafireto za ta nufa. Fetur ɗin da ya bushe a kafireto kuwa yakan zama kamar ƙaro ya toshe jet, 'yar ƙofar da fetur ke bi. In an wanke waɗannan, aka sa sabon fetur, aka ga wuta a fulogi, sau da yawa injin zai tashi, kuma tashin nan shi ke gaya wa bakanike abin da ke ciki.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, maganar kafireto ce ko matatar iska, ba sai an taɓa inji ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. In da safe kawai yake yi ya daina, mai na zurarowa ta wuyan bawul, wato ƙarfen da ke buɗe hanyar iska da ta hayaƙi yana rufewa. In kuma bai dainawa, yana ƙaruwa in an murɗa totur, to ringi da silinda ne. Mai ma'aunin matsin iskar cikin silinda yana da wata dabara: ya auna, ya zuba cokali ɗaya na mai ta ramin fulogi, ya sake aunawa. Matsi ya hau, ringi ne ke yoyo, don man ya toshe gefen na ɗan lokaci. Bai hau ba, bawul ne. Ƙara ma kala-kala ce. Ƙas-ƙas mai kaifi daga sama yawanci tafet ne, wato ƙarfen da ke danna bawul, gyaran minti goma. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in babur ya ɗauki kaya ko yana hawan tudu, shi ne wanda ke sa a tsaga inji gida biyu a fito da karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa. Aikin sama da aikin ƙasa ba kuɗinsu ɗaya ba, mai babur ya san wanne ake yi masa kafin ya ba da ko sisi.

Zan ɗauki CG 125 in yi misali da shi, don kayansa ne suka fi samuwa. A 1974 kamfanin Honda ya tura mutanensa ƙasashen Asiya su ga yadda ake amfani da baburansa. Suka tarar ana lodin mutum uku da huɗu, ba a canza mai sai ya yi kauri, matatar iska a toshe. Injinan da suke sayarwa a lokacin kam ɗinsu, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul, na can saman kan inji, inda mai mara kyau ke saurin cinye shi. Sai suka sake tsari: suka sauko da kam ɗin ƙasa kusa da mai, ƙulli ɗaya tak a jikinsa yana buɗe bawul biyun ta sanduna biyu, suka sa matatar soso da ake wankewa. A 1975 babur ɗin ya fito. Faɗin silindarsa milimita 56.5, tafiyar fistin milimita 49.5, wanda ya ba da girman inji cc 124, ƙarfinsa wajen doki 11. Wannan tsarin ne kamfanonin China suka kwafa suka cika duniya da shi, shi ya sa injin da ya ba shekara arba'in baya har yau ake samun abin da zai shiga jikinsa a shagunan safaya na Sabon Gari.

Yanzu ga inda aikin yake. Fistin na sama da ƙasa cikin silinda fiye da sau 130 a daƙiƙa ɗaya in injin na juyi dubu 8 a minti. Tazarar da ke tsakaninsa da bangon, a sabon inji, ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Ido ba ya ganinta, yatsa ba ya jinta. In ta yi kaɗan, fistin da ya yi zafi ya kumbura zai cije. In ta yi yawa, fistin zai riƙa kaɗawa, ringi ya kasa zama daidai, mai ya haye sama. Kuma silinda ba ta cinyewa bai ɗaya. Sama, inda wuta take kuma mai ya fi ƙaranci, ta fi ƙasa cinyewa. Gaba da baya, inda fistin ke jingina, sun fi gefe da gefe. Tsohuwar silinda ke nan ta daina zama da'ira, ta koma kamar ta ɗan miƙe, sama da faɗi ƙasa da tsuke. Sa farce a can saman za ka ji wani ɗan tudu, iyakar inda ringi ke kaiwa. Tsayin tudun nan shi ne ƙarfen da ya tafi.

A nan ake yin cinikin da kowa ya sani kan borin, wato yanke cikin silinda a ƙara mata faɗi.

"Oga, ringi kawai za ka sa mini, ba ni da kuɗin borin."

"Alhaji, zan sa, amma ringi ba ya cike rami."

Bakaniken da ya faɗi haka ya fita haƙƙi. Sabon ringi zagayayye ne, ba zai kwanta a bangon da ba zagayayye ba. Hayaƙi zai ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo. Wani lokaci ma gefen sabon ringin mai kaifi yakan daki tudun nan na sama ya karye. Akwai kuma dabarar da ake yi ta sayo ringi mai girma a goge bakinsa da fayil har ya shiga tsohuwar silinda. Zai shiga, amma gyaran gangar Abzinawa ne.

Hanyar da ta dace: a auna silinda a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu. In ba ta wuce iyaka ba kuma babu karce mai kama farce, a yi mata 'yar gogar nan mai barin zane-zanen gicciye a bango, inda mai ke maƙalewa, a sa ringi daidai da ita. In ta wuce, sai borin. Fistin mai ƙarin faɗi hawa huɗu ne: milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. A sayi fistin ɗin tukuna, a kai shi tare da silinda wurin mai borin, ya auna shi ya yanka silindar daidai da shi. Wanda ya yi borin sannan ya tafi kasuwa neman fistin ya juya aikin, domin fistin biyu masu lamba ɗaya daga kamfani biyu ba lallai su zo daidai ba. Kuma a ɗauki ƙaramin hawan da zai share lalacewar. Wanda ya tsallaka 1.00 kai tsaye da sunan ƙarin ƙarfi ya cinye gyara uku na gaba, abin da ya samu kuwa cc 4 ne da ɗan ɗoriya, wanda ba zai ji shi a hanya ba. In hawa huɗun sun ƙare, akwai sauran hanya: a fitar da tsohon silif, wato bututun ƙarfen da ke cikin silinda, a danna sabo, a koma lambar farko.

Kafin ringi ya hau fistin, a tura shi shi kaɗai cikin silinda, a daidaita shi da kan fistin ɗin, a ɗaga wa haske. Dole a ga 'yar tazara tsakanin bakinsa biyu, wajen milimita 0.15 zuwa 0.35, a auna da siraran ƙarafan awo. In bakin ya haɗe tun a sanyi, da zafi babu inda zai miƙe sai ya kama bango. Gefen ringin da ke da harafi sama yake kallo, kuma ba a jera bakunan ringi a layi ɗaya. Alamar IN da ke kan fistin ɓangaren kafireto take fuskanta. Ƙananan wayoyin da ke riƙe fin ɗin fistin sababbi ake sawa, ba a maimaita tsofaffi, kuma a cusa tsumma a bakin inji kafin a sa su, don in ɗaya ya kuɓuce ya faɗa ciki an sayi aikin ƙasa ba a shirya ba.

Tun silinda na waje a gwada kwanrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf. A kama shi a ja sama a danna ƙasa. Motsi gefe da gefe kaɗan ba laifi ba ne, haka aka yi shi. Motsi sama da ƙasa ko ƙanƙani ne, boris ɗin ƙasa ya tafi. Karanshaf ɗin CG haɗe-haɗe ne da aka danne da injin matsi, sai an raba shi a canza kwanrod da fin da boris, a sake dannewa, sannan a ɗora shi kan ma'auni a juya a tabbata bai karkace ba. Wanda aka haɗa da guduma a kan dutse zai yi aiki, amma babur zai riƙa karkarwa har hannu ya mutu, boris ɗin gefe kuma ba za su daɗe ba.

Akwai wani wuri da ake yawan tsallakewa. CG ba shi da matatar mai ta takarda. Abin da yake da shi 'yar raga ce a ƙasa, da kuma wani ɗan kofi a ƙarshen karanshaf ta ɓangaren kuloci, wanda ke juyawa da injin yana wurga datti jikin bangonsa. Kwance sukurori uku na murfinsa a injin da ya daɗe, za ka tarar da wani abu launin toka ya daskare a zagaye, sai an kankare shi da bakin sukudireba yana fitowa gutsure-gutsure, in ka murza shi a yatsa kana jin garin ƙarfe. In kofin ya cika ya daina tacewa, dattin ya wuce kai tsaye zuwa sabon boris ɗin da aka biya kuɗi aka sa. Injin da aka yi wa sabon fistin ba a buɗe kofin nan ba, a wurina rabin aiki aka yi.

Kan inji bai da wahalar gwaji. A kwantar da shi, a zuba kananzir ta ƙofar shigar iska da ta fitar hayaƙi, a zuba ido a kan bawul. In ya jiƙe, yana yoyo. A wasa bawul da mazauninsa da man wasawa har a ga zobe mai launin toka ya zagaye ba yankewa, a wanke tas, don ragowar man wasawar yashi ne. Bawul ɗin da ke rawa a wuyansa wasawa ba ta yi masa magani. Wurin ɗaurewa, notocin kai a gicciye ake binsu, kaɗan-kaɗan, ba a ƙure ɗaya a koma ɗaya ba. Tazarar tafet milimita 0.08 ce, a sanyi. Masu gyara da yawa kan matse ta don injin ya yi shiru mai babur ya ji daɗi. Bawul ɗin da ba ya rufewa sosai ba ya samun sauke zafinsa a mazauni, ƙonewa yake. Gara ɗan ƙas-ƙas. Sai gam: gasket mai kyau a fuska mai tsabta ba ya buƙatar a lafta masa jan gam, wanda ya tsattsafo ta ciki kuwa hanyar mai yake zuwa ya toshe.

Maganar kaya. Kwali mai sunan Honda ba shaida ba ce, kwali ake bugawa. Yawancin safayar babur da ke kasuwanninmu ta hannun 'yan kasuwar Nnewi da Legas da Kano take biyowa, kuma hawa-hawa ce, daga mai kyau ƙwarai har wadda ba ta kai sati. A riƙe tsohon a hannu a je da shi, a gwada nauyi da kauri da tsayi. Tsohon ƙarfen Japan da bai wuce iyakarsa ba ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, don haka kada a yar da komai sai an gama. A fistin da ringi da boris da kwanrod ne ba a neman araha. Murfi da kebul da madubi, a sayi abin da aljihu ya iya.

Mai Roadmaster ko Benly mai silinda biyu, nasa ya fi tsada. Komai biyu ne, kam ɗin na sama da sarƙar tayamin, kuma kayan ba su cika kasuwa ba, sai an bi tsofaffin masu gyara ko a sayi mataccen babur a ciro. Masu injin da ke ƙona mai tare da fetur, wato Suzuki 100 da Yamaha 100 da Vespa, ba su da bawul irin na CG da tafet, amma suna da nasu ciwon: robobin da ke toshe gefen karanshaf. In sun bushe injin na shaƙar iska ta inda bai kamata ba, silo, wato juyin inji a tsaye, ya ƙi zama, zafi ya yi yawa har fistin ya cije. A babur ɗin da ya daɗe a ajiye ba a tambaya, canza su ake yi. Al'adar cire famfon mai a koma zuba shi cikin tanki kuma ba kowane inji ta karɓa ba, domin a wasu injinan Suzuki famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf.

To sai kwalliya da ƙarin ƙarfi, inda samari suka fi son a fara. Lambar da ke jikin injinan China tana faɗin girmansu: 156FMI shi ne mai cc 125, 162FMJ mai 150. Ɗaya na farko silinda ɗaya ke nan, lambobi biyun da ke biye faɗin silinda. Ɗora silinda mai milimita 62 a kan karanshaf ɗin CG yana ba da cc 149, kuma wannan ƙari ne na gaske, ana jin sa wurin tashi da ɗaukar kaya. Amma yana jan wasu abubuwa. Sau da yawa sai an faɗaɗa bakin akwatin inji kafin silif ɗin ya shiga, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa. A duba kaurin fin ya dace da kwanrod. Kafireto na buƙatar jet mafi girma, in ba haka ba iska ta rinjayi fetur, injin ya yi ta zafi. Kuloci na iya fara suɓucewa. Birkin kuwa na 1975 ne, bai san an ƙara komai ba. Wanda ya riƙa tafiya Kaduna ko Funtuwa da kaya zai ga amfanin 150. Wanda iyakarsa Samaru zuwa Kongo, ban ga abin da zai sa ya yanka akwatin injin mahaifinsa ba.

Huda salansa ƙara take ƙarawa, ƙarfin ƙasa kuma ya ragu. Cire akwatin matatar iska a sa buɗaɗɗiya ya fi wannan muni a garin da hunturu ke rufe shi da ƙura wata da watanni, domin ƙurar da ta haɗu da mai a bangon silinda ita ce man wasawar da na ce a wanke tas. Kan jet kuma, Zariya na sama da mita 600 daga teku, iskarta ta ɗan fi ta Legas sauƙi, saboda haka lambar da ta yi wa wani daidai a can ba hujja ba ce a nan. Fulogi ke faɗin gaskiya bayan tafiya mai ɗan nisa: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙi fetur ya yi yawa, fari fat kuwa a tsaya a gyara kafin fistin ya huje.

Canjin da nake goyon baya su ne waɗanda za a iya warwarewa. Tsofaffin CG wutar bolt 6 suke da ita da kontak, ƙarfen da ke buɗewa ya ba fulogi wuta, fitilarsu da daddare abin tausayi ce. Mayar da su bolt 12 da CDI, 'yar na'urar da ke maye gurbin kontak, na sa tashi ya yi sauƙi, a huta da goge kontak da saita tayamin. A ɗaure tsofaffin kayan a leda a ajiye. Sufuroket ma hanya ce mai araha: daga haƙori 14 zuwa 15 a gaba na rage juyin inji da wajen kashi 7 cikin 100 a gudu ɗaya, babur ya daina kuka a doguwar hanya, sai dai tashinsa ya ɗan yi sanyi.

Wasu kan ce me ya kawo wannan wahala, a sayi sabon injin China a ɗora, tunda mazauninsa kusan ɗaya ne. Ga wanda babur ɗin neman abinci ne, wannan lissafi ne mai kyau, ba na ganin laifinsa. Sai dai lambar inji za ta saɓa da ta takardu, kuma a shingen jami'an tsaro wannan magana ce mai tsawo. A riƙe rasit, a je a gyara takardun, tsohon injin kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan da kilo.

Injin da aka gama haɗawa bai gama zama inji ba sai ringi ya kwanta da bango. Kafin a tayar, a kwance fulogi a yi ta buga kik har mai ya zagaya. Kada a bar shi tsaye a bakin gareji yana silo rabin awa, iska ce ke sanyaya shi kuma ba ya samunta a tsaye. A hau, a riƙa sauya gudu, ba a ƙure totur ba, ba a kuma bar shi yana nishi a babbar giya ba, kuma ba goyo mai nauyi a farkon kwanakin. Man farko a zubar da shi da wuri, bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, za a ga yana ƙyalli da garin ƙarfe. Injin lita ɗaya ko ƙasa da haka yake sha, kuma man nan ɗaya ne ke wanke kuloci da giya, shi ya sa ake neman galan mai alamar JASO MA. Wasu man mota na zamani suna da sinadarin rage santsi da ke sa kuloci suɓucewa, man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa babu wanda ya san abin da ke cikinsa. A ranar canjin man farkon ne ake barin inji ya huce sarai, a sake bin notocin kai, a sake auna tafet, domin sabon gasket ya ɗan lotsa, kuma a CG lotsawar nan tana taɓa tazarar bawul.